Ciki a Amurka bayan hukuncin 2022: abin da ya kamata ki sani tun kafin buƙata ta taso

Tafinta nake yi a asibitoci a nan Amurka, wani lokaci ido da ido, mafi yawa ta waya. Likita ya faɗi nasa da Turanci in juya wa mara lafiya da Hausa, ita ma ta faɗi nata in mayar masa. Yawancin masu kirana mata ne, 'yan Najeriya da Nijar da Gana, kuma zancen ciki ya fi kowane zance yawa. Ni ba likita ba ce, ba kuma lauya ba, amma na zauna tsakanin likita da mai ciki sau da yawa har na gane inda matanmu suke yin asarar lokaci. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

Ranar 24 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira Dobbs, ta soke hukuncin Roe na 1973 wanda ya hana jihohi haramta zubar da ciki kafin ɗan tayi ya isa rayuwa a wajen mahaifa. Kotun ba ta haramta komai da kanta ba. Mayar da maganar ta yi hannun jihohi, kowace ta yi dokarta. Yanzu abin da likita zai yi miki cikin awa ɗaya a New York, a Texas zai iya kai shi gidan yari.

Na san abin da da yawanmu za su ce: "Allah ya kiyaye, ni me ya haɗa ni da zubar da ciki?" 'Yar'uwa, ya haɗa ki. Maganin da ake ba mai zubar da ciki shi ake ba wadda ta yi ɓari bai fita duka ba. Wankin ciki ma ɗaya ne, kayan aikin ɗaya, ɗakin ɗaya. Idan doka ta sa likita yana tsoron taɓa kayan nan, mai ɓari ma jira za ta yi. Matan da na fi ganin abin ya shafa matan aure ne masu son cikinsu, wasu har sun zaɓi suna.

Ki fara da kwanan wata

Duk dokokin nan da makonni suke magana, kuma ƙidayar likitocin nan daban take da tamu. Mu mukan ce "na yi ɓatan wata biyu". Su daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe suke farawa, wato kusan mako biyu kafin cikin ma ya shiga. Ranar da kika lura al'ada ba ta zo ba, a wurinsu kina mako huɗu ke nan. Don haka jihar da ta ce mako shida ta ba ki mako biyu ne kacal bayan ɓatan wata, in ma al'adarki mai zuwa kan lokaci ce. Mai shayarwa da ba ta fara gani ba, ko wadda tata take wasa, tana iya wuce iyakar ba ta ma san tana da ciki ba.

Ki riƙa rubuta ranar da kika fara gani kowane wata, a kalandar bango ko ƙaramin littafi. Ki ajiye tsinken gwajin fitsari a gida, ana sayar da shi ba sai da takardar likita ba, mai arha da mai tsada duk aiki ɗaya suke yi. Na sha jin likita ya tambayi ranar, mace ta ce "tun kafin azumi dai", sai mu tsaya muna lissafin yaushe aka fara azumin bana. Idan ba ki tuna ba, ki nemi a yi miki sikanin, shi zai faɗi makonnin.

Sai jihar da kike zaune

Jihohi sama da goma sun haramta zubar da ciki kusan gaba ɗaya, daga cikinsu Texas, Louisiana, Tennessee, Alabama, Mississippi, Kentucky, Indiana da Oklahoma. A Texas, inda mutanenmu suke da yawa a Houston da Dallas, ko fyaɗe aka yi wa mace dokar ba ta ware ta ba, sai dai in ranta na cikin haɗari ko wata gaɓa mai muhimmanci za ta lalace. Georgia da South Carolina da Iowa da Florida sun tsaya a wajen mako shida. North Carolina mako 12, kuma sai an jira awa 72 tsakanin zuwan farko da ranar aiki. New York mako 24, bayansa kuma in lafiyar uwa na cikin haɗari ko ɗan ba zai rayu ba. Illinois, Maryland da Minnesota sun kare haƙƙin a dokokinsu. Colorado, New Mexico, New Jersey da Oregon ba su sa iyakar makonni a doka ba.

Wannan jerin ba ya zama wuri ɗaya. Mutanen Ohio sun kaɗa ƙuri'a a Nuwamban 2023 suka sa haƙƙin cikin tsarin mulkin jiharsu, Arizona da Missouri suka bi a 2024. A Florida kashi 57 cikin ɗari suka amince, amma ana buƙatar 60, sai dokar mako shida ta zauna daram. Alƙali ɗaya yana iya dakatar da doka yau, kotun sama ta maido da ita mako mai zuwa. Kada ki dogara da abin da aka faɗa miki bara, ko da ni na faɗa. Shafin AbortionFinder da na cibiyar Guttmacher suna sabunta bayanin kowace jiha, ki duba su ranar da kike buƙata.

Idan ciki ya zo da matsala

Nan ne zan daɗe, don nan ake rasa rai.

Alamomin da ba a kwana da su a gida: jinin da yake jiƙa audugar mata biyu a awa ɗaya har awa biyu a jere, zazzaɓin da ya kai 100.4 a ma'aunin nan, wato 38 a wanda muka saba. Ruwa mai wari. Faya ta fashe tun ciki bai isa haihuwa ba. Ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, musamman in ya haɗu da ciwon kafaɗa ko jiri ko suma. Na ƙarshen nan alamar ciki a wajen mahaifa ce. Irin wannan ciki ba ya rayuwa, kuma in bututun mahaifar da ya zauna a cikinsa ya fashe, jini a ciki yake zuba inda ba a gani. Babu jihar da ta hana maganinsa, da allura ko da tiyata. Ki kira 911 ko a kai ki sashen gaggawa, kada a tsaya jiran maigida ya taso daga aiki.

Akwai dokar tarayya ta 1986 da ake kira EMTALA. Ta wajabta wa duk asibitin da yake karɓar kuɗin Medicare (inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya), wato kusan kowane asibiti mai sashen gaggawa, ya duba wanda ya zo ya kuma ba shi kulawa har ya fita daga haɗari, ko yana da inshora ko babu, ko yana da takardun zama ko babu. A Yunin 2025 gwamnatin tarayya ta janye takardar jagorar da ta fayyace cewa wannan ya haɗa da cire ciki in ya zama dole, amma ita dokar tana nan ba a soke ta ba.

Matsalar ita ce dokokin jihohi sun ce a ceci ran uwa, ba su faɗi yaya kusancinta da mutuwa zai kai ba. Likitan Texas da ya yi kuskuren lissafi yana fuskantar ɗaurin da zai iya kaiwa rai da rai, da tarar da ba ta gaza dala 100,000 ba, ga ƙwace lasisi. Sai ya jira, ya kira lauyan asibiti, ya sake ɗibar jini. A Georgia, a Agustan 2022, wata mai suna Amber Thurman ta rasu bayan an yi kusan awa 20 ba a yi mata wankin cikin da take buƙata ba, kuma kwamitin jihar da ke bitar mutuwar masu juna biyu ya ce da an iya kauce wa mutuwar. Texas ta yi wa dokarta kwaskwarima a 2025 don ta nuna ba sai mace ta kai gargara ba, amma tsoro ba ya fita daga zuciya ranar da aka sa hannu a takarda.

To me za ki yi a gadon? Kunya da kawaicin da aka rene mu da su, ki ajiye su a bakin ƙofa. Na sha fassara wa mace tana murƙususu, likita ya ce ciwon ya kai nawa cikin goma, ta ce "da sauƙi, alhamdulillahi". Ni kuma abin da ta faɗa shi zan juya, ba ni da ikon ƙari. Likitan ya rubuta da sauƙi, ya wuce gado na gaba. Ki gode wa Allah, sannan ki faɗi lambar gaskiya. Ki faɗi auduga nawa kika canza da ƙarfe nawa abin ya fara.

Idan aka ce ki koma gida ki jira, ki yi tambayoyin nan, ke ko wanda ya raka ki. Mene ne sunan abin da yake damuna? Da a jihar da babu wannan doka muke, me za ku yi mini yanzu? Jiran nan don lafiyata ne ko don doka? Wace alama zan gani in dawo? Ki nemi a rubuta a fayil ɗinki cewa kin roƙi a yi aikin an ce a'a, da dalili. Ki nemi ganin likitan mata da ke bakin aiki, ba na gaggawa kaɗai ba. Idan ba za su iya ba, ki nemi su tura ki asibitin da zai iya. Kafin ki fita ki karɓi kwafin sakamakon sikanin da na jini, don asibitin gaba kada ya faro daga farko.

Wani abu da mutane ba su cika lura ba: asibitocin cocin Katolika suna da ƙa'idojin addininsu kan cire ciki da tsarin iyali, ko a jihar da doka ta halatta. Suna da yawa, kuma ba kullum sunan yake nunawa ba. Tun a awon farko ki tambayi likitarki kai tsaye: in faya ta fashe mini a mako 18, me asibitinku yake yi? Amsar da za ta ba ki ita za ta nuna miki ko nan za ki ci gaba da awo.

Tafinta haƙƙinki ne, kyauta, a duk asibitin da ke karɓar kuɗin tarayya. Ki ce Hausa kike so. Kada ki bari a sa ɗanki ɗan shekara goma sha biyu ya fassara zancen jini da mahaifa, ba zai iya ba, ke ma ba za ki faɗi komai a gabansa ba. Kina kuma da ikon cewa kowa ya fita, har maigida da uwar miji, ki gana da likita ke kaɗai. A Texas da Florida asibitoci suna tambayar matsayin takardun zama. Ba dole ne ki amsa ba, kuma ƙin amsawa ba ya hana a duba ki.

Gwajin wuri da maganar malamai

Yawancinmu ba dokar jiha kaɗai muke dubawa ba, akwai wadda ta fi ta a wurinmu. Malamai sun haɗu a kan cewa in ran uwa na cikin haɗari na tabbas, ita ake ceta. Kafin busa rai, wanda mafi yawa suka ɗora a kwana 120 bisa hadisi, nan suka saɓa: Malikiyya da muka taso a kai ta fi tsanani, Hanafiyya ta fi sassauci in akwai uzuri. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi fatawa a 1990 cewa in amintattun likitoci sun tabbatar ɗan tayi yana da mummunar naƙasar da ba ta da magani, ya halatta a cire kafin kwana 120 in iyaye sun nema. Ni ba mai fatawa ba ce, ki nemi malamin da kika yarda da iliminsa. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da nasu shugabannin da za su tuntuɓa.

Lissafin nake so ki gani. Kwana 120 daga shigar ciki ya yi daidai da wajen mako 19 a ƙidayar likitoci. Babban sikanin da ake duba gaɓoɓin jariri kuwa tsakanin mako 18 da 22 ake yin sa, galibi a mako 20. Ke nan ranar da za a gaya miki akwai matsala, wataƙila kin wuce iyakar malamai, kin kuma wuce ta jihohi da yawa. Idan wannan ya dame ki, ki nemi gwajin wuri. Akwai na jini da ake yi daga mako 10, akwai sikanin na tsakanin mako 11 da 14, akwai ɗibar ɗan yanki daga mabiyiya tsakanin mako 10 da 13, akwai ɗibar ruwan mahaifa daga mako 15. Biyun ƙarshe su ne suke tabbatarwa, kuma suna nuna sikila, abin da ya shafi gidaje da yawa a cikinmu in mata da miji duk AS ne. Yin gwaji bai ɗora miki wata shawara ba. Da yawa sukan yi don su shirya wa abin da ke tafe.

Idan shawara ta tsaya a kan cirewa

Dalilinki naki ne, ba zan tambaya ba. Hanya biyu ce. Ta farko ƙwayoyi: mifepristone, sannan misoprostol bayan awa 24 zuwa 48. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da mifepristone tun 2000, kuma amincewarta ta kai mako 10. A 2023 kusan biyu cikin uku na cikin da aka cire a ƙasar nan ta wannan hanya aka yi. Ta biyu aiki a asibiti, wanda a watannin farko 'yan mintuna yake ɗauka, ki koma gida a ranar. Ƙwayoyin ba sa maganin ciki a wajen mahaifa, saboda haka mai ciwon gefe ɗaya ko wadda ta taɓa yin irinsa, sikanin tukuna. Jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen da ake aikowa daga gida kuwa, don girman Allah ki bar su. Ƙoda da hanta suke ci, cikin kuma yana nan.

Ki yi hattara wajen neman asibiti. Akwai cibiyoyi masu yawa da suke tallar gwaji da sikanin kyauta, wasu ƙofa da ƙofa da asibitin gaske, fararen riguna da komai, amma manufarsu su sa ki fasa, kuma yawancinsu ba asibitoci ba ne masu lasisi. Mai son shawara irin tasu ta je da saninta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙa ce wa mace ta dawo mako mai zuwa har lokaci ya ƙure mata. Tambaya ɗaya ta isa a waya: kuna yin aikin a nan, ko kuna tura mutum inda ake yi? In aka fara kewaye-kewaye, ki ajiye wayar.

Babu jihar da ta hana babbar mace tafiya wata jiha. Daga Houston ko Dallas mutane sukan nufi New Mexico, Kansas ko Colorado. Daga Atlanta, North Carolina in ciki bai kai mako 12 ba, in ya wuce sai Virginia ko Illinois. Ki kama layi tun ranar da kika yanke shawara, ko kuɗi bai haɗu ba, don asibitocin bakin iyaka cike suke, kuma kuɗin yana hawa da makonni. Wadda takardun zamanta ba su cika ba, ya kamata ta san cewa akwai shingayen jami'an shige da fice a hanyoyin da ke kusa da iyakar Meziko, har da wajen El Paso, ta zaɓi hanyarta da lura. Yarinyar da ba ta kai 18 ba, jihohi da yawa suna neman yardar iyaye ko izinin alƙali, kuma Idaho da Tennessee sun yi dokar hukunta babban da ya taimaka mata ba da sanin iyayenta ba.

Wasu jihohi, irin su New York da Massachusetts da California, sun yi dokar kare likitocinsu da suke ganin mara lafiya ta bidiyo su aika ƙwayoyi ta gidan waya har jihohin da suka haramta. Jihohin can kuma suna yaƙar abin: Louisiana ta tuhumi wata likitar New York a 2025, gwamnar New York ta ƙi miƙa ta. Louisiana ɗin ta sa ƙwayoyin biyu cikin jerin magungunan da ake sa wa ido tun Oktoban 2024. Shari'o'i suna ta gudana a kan wannan, don haka kafin ki bi hanyar ki kira Repro Legal Helpline, lauyoyi ne, kyauta, kuma a asirce.

Kuɗi: a watanni ukun farko galibi tsakanin dala 500 da 800 ne, ban da mota da masauki. Dokar Hyde ta 1976 ta hana kuɗin tarayya na Medicaid (inshorar gwamnati ta marasa ƙarfi) biya sai a fyaɗe, ko cikin da muharrami ya yi, ko haɗarin rai, amma jihohi kamar New York, Illinois, Maryland da California suna biya wa mazaunansu da kuɗin jiha. Akwai asusun tallafi a kusan kowane yanki, jerinsu yana shafin National Network of Abortion Funds, wasu har tikitin jirgi da otal suke biya. Ki gaya wa asibitin tun a wayar farko cewa ba ki da hali, sun san wa za su haɗa ki da shi.

Bakinki da wayarki

Mafi yawan dokokin haramcin likita da mai taimakawa suke hukuntawa, ba mai cikin ba. Duk da haka an binciki mata da wasu dokokin daban, kuma sau da yawa wani na kusa ne ya kai ƙara. A Nebraska a 2022 saƙonnin Facebook tsakanin uwa da 'yarta ne suka zama shaida a kotu. A Texas, dokar 2021 ta ba kowa damar kai ƙarar wanda ya taimaka ya nemi aƙalla dala 10,000. Mu kuwa kin san zaurukanmu na WhatsApp, magana ta shiga da safe, kafin la'asar ta isa gida ta dawo. Mutum ɗaya amintacce ya ishe ki. Idan inshorar maigida ko ta iyaye kike kai, takardar bayanin abin da aka biya tana iya zuwa gida da sunansu, ki tambayi kamfanin yadda za a aiko miki ke kaɗai. In 'yan sanda suka zo da tambaya, ko a gadon asibiti ne, ki ce sai da lauya, ki yi shiru.

Bayan ɓari ko cirewa, jini yana iya ɗaukar mako biyu ko fiye yana raguwa, kuma tsinken gwaji zai iya ci gaba da nuna ciki har mako huɗu ko biyar, wannan ba abin tsoro ba ne. Alamomin haɗarin da na lissafa a sama su ne dai a nan ma, kuma kulawar da za a ba ki a sashen gaggawa iri ɗaya ce ko ta wace hanya cikin ya fita. Ki san rukunin jininki, in mai alamar ragi ne ki tambaya ko kina buƙatar allurar da ke kare cikin gaba. Wani cikin yana iya shiga cikin mako biyu, tun kafin ki ga al'ada, saboda haka in jiki na buƙatar hutu ki yi maganar tsarin iyali kafin ki bar asibitin. Ƙwayar gaggawa ta Plan B ana sayar da ita a kantin magani ba takardar likita a duk jihohi 50, ana shan ta cikin awa 72, da wuri ya fi, kuma hana shigar ciki take yi, ba ta taɓa wanda ya riga ya zauna.